Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Kakannin Maigidana a Takardun Ƙidaya

Assalamu alaikum masu bibiyata. Makon jiya mun tsaya inda surukata ta ce iyakar abin da ta sani game da asalinsu shi ne daga tsibirin Skye suke, can yammacin Sikotland. Na ce mata, "Mama, jikokinki sun san dangina na Katsina har kakan kaka, amma ta wajen ubansu shiru. Ki bar ni in tono." Ta yi dariya ta ce, "'Yata, talakawa ne fa, wa zai ɓata tawada a kansu?"

Ashe gwamnati ta ɓata. Tun 1841 ake rubuta sunan kowa a ƙidayar da ake yi duk shekara goma, sai takardun sun cika shekara ɗari a buɗe su. Ta 1921 ce ta baya-bayan nan, an sake ta a 2022. Duk suna shafin ScotlandsPeople, neman suna kyauta ne, ganin takardar sai da kuɗi.

Wahalar Skye ita ce sunaye. Ɗan fari sunan kakansa na wajen uba yake ci, na biyu na wajen uwa, kamar dai masu sunan baba a gidajenmu, ga rabin ƙauye sunan zuriyarsu ɗaya. Abin da ya cece ni takardar mutuwa ce. Daga 1855 ana rubuta iyayen mamaci duka biyu, har da sunan gidan uban mahaifiyarsa. Da wannan na ware gidanmu daga na maƙwabta.

Ƙidayar 1841 ba ta da daɗin aiki. Ba ta faɗin dangantakar kowa da maigida, kuma duk wanda ya haura 15 ana rage shekarunsa zuwa biyar-biyar, mai 34 ya koma 30. Ta 1851 ce ta buɗe min ƙofa: maigida mai hayar 'yar gona, matarsa, tsohuwarsa da takaba ta zaunar, da yara shida. Na daɗe ina kallon shafin nan, don shekara biyar ke nan da cutar dankali ta 1846 ta jefa yankin cikin yunwa, amma ga su duka a raye.

A 1861 an ƙara tambaya, ɗakuna nawa ne masu taga. Nasu ɗaya. Gidan kuma ya dawo mutum huɗu. Tsohuwa dai na san ta riga mu gidan gaskiya, na ga takardarta. Yaran fa?

Maigidana ya ce sun mutu kawai. Ban yarda ba, domin ƙidaya wanda ya kwana a gida a dare ɗaya take rubutawa, ranar 7 ga Afrilu a waccan shekarar. Wanda ya tafi ci-rani, a inda ya kwana za a same shi. Na faɗaɗa nema zuwa ƙasar baki ɗaya, sai ga babbar 'yarsu a Gilasgo tana aikatau a gidan wani ɗan kasuwa, an rubuta an haife ta a Skye. Ƙanwarta ta yi aure a ƙauyen gaba.

Maza biyu ne babu su ko'ina, ba a ƙidaya ba, ba a rajistar mamata ba. Daga 1852 zuwa 1857 wata ƙungiya ta kwashi dubban mutanen yankin zuwa Ostireliya, da yawansu 'yan Skye, kuma jerin sunayen fasinjojinta yana nan. Shi zan buɗe muku mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.