Saƙon godiya: tukuba ta sake shan wuta

Alhamdu lillahi. Jama'ar garin Kuseri na nan Kamaru, daren jiya hayaƙi ya tashi a tukubata, karon farko tun da ruwan kogin Logon ya shigo mana unguwa. Abin da ya faru kun gani da idonku, ba sai na maimaita ba. Jikina duk ya mutu, amma ba zan iya kwanciya ban yi godiya ba.

Kawu magini ya hana ni ambatonsa. Kawu, ka yi haƙuri, sai na faɗa. Shi ya duƙa ya tona gindin tukubar, ya nuna mini inda ruwa ya zaizaye ƙasa ta ƙarƙashi har bango ya tsage, ya ce faci ba zai riƙe ba, a rushe. Muka tsince jan bulon da bai ruɓe ba, ya sa aka jiƙa shi don kada ya tsotse ruwan kwaɓi. Siminti a harsashi kawai ya sa. Inda wuta ke lasa kuwa yumɓu da yashi ya kwaɓa, domin siminti fashewa yake idan ya sha zafi. Ya ce in riƙa hura wuta kaɗan-kaɗan har ta bushe. Da na miƙa masa kuɗi sai ya ture hannuna: "Ɗana, je ka sari nama."

Amma wanda har yanzu in na tuna sai idona ya cika, mai tsiren tsallaken titi ne, wanda muke ribibin masu saye shekara da shekaru. Ina tsaye kan ɓaraguzai da nama a faranti, ban san inda zan kai shi ba, ya kira ni. Ya tsige tsinkayensa na gefe guda, ya ja garwashi ya raba biyu, ya ce, "Yaya, kafa naka nan." Kullum haka, har Kawu ya gama. Ko kuɗin itace bai karɓa ba.

Allah ya buɗa masa kasuwa, ya raya masa zuri'a, ya tsare shi daga wutar gobe kiyama. Allah ya ƙara wa Kawu lafiyar gwiwa. Sarkin Pawa da ya ba ni nama bashi, Inna mai ƙosai, yaran da suka ɗebo yashi, Allah ya saka muku da Aljanna. Waɗanda suka rasa gidaje a Yagwa da Maga, Allah ya mayar musu da mafi alheri.

'Yan uwana na Njamena, gada ce kawai tsakaninmu, ko waya ban samu ba. Allah ya sa lafiya ce.

Saura rumfar kwano kafin damina. Bayan Magariba ina nan.