Wace Makarantar, Ɗana?

Da na fara binciken digirina na biyu a fannin ilimi a nan Legas, na ɗauka duk wahalar tana cikin littattafai. Batuna shi ne yadda 'ya'yan Hausawan Agege da Mile 12 ke koyon karatu a firamare. Na tsara takardar tambayoyi, malamina ya sa hannu, na buga dami guda na cusa a jaka.

Ranar farko na yi sammakon zuwa kasuwar Mile 12, wai don in sami iyaye kafin rana ta yi. Ashe lokacin ne ake sauke kwandunan tumatir da tattasai daga motocin Arewa, kowa na ta kansa. Wanda ya tsaya ma, yana ganin biro da takarda sai ya tsuke baki, don a kasuwa mai takarda galibi kuɗi ya zo karɓa. Sai da limamin wani masallaci ya gabatar da ni bayan la'asar, ya ce, "Ɗanmu ne, karatu yake," sannan aka fara ba ni benci.

Tambaya ta huɗu ce ta kunyata ni: "Yaranka suna zuwa makaranta?" Duk wanda na tambaya sai ya ce eh. Na kwashe kwanaki ina murna, har na fara raya cewa zan ƙaryata masu cewa Bahaushe ba ya sa ɗansa karatu. Rannan na zo kan wani dattijo mai albasa. Ya ajiye mudunsa ya dube ni.

"Wace makarantar, ɗana? Allo, ko Islamiyya, ko boko?"

Na ce, "Boko nake nufi, Baba."

"To ka ce boko mana. Biyu suna boko, ƙaramin yana allo, matan kuma Islamiyya suke zuwa da yamma."

Ni da na yi wankin allo da hannuna ina yaro, ni ne na manta cewa makaranta a bakin Bahaushe ba guda ɗaya ba ce. Takardun da na cike a baya duk sun tashi a banza, sai dai a ƙunsa ƙosai da su.

Batun harshe ya fi wannan ɗaure kai. A babi na biyu na yi ta kafa hujja da aikin Farfesa Babs Fafunwa, ɗan unguwar Isale Eko a nan Legas, wanda ya jagoranci gwajin nan na Ile-Ife da aka fara a 1970. An koyar da yara duk darussan firamare da Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuwa aka bar shi darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ita ma a lokacin ta ce a fara da harshen uwa ko harshen yankin. Na yarda da wannan har gobe. Amma ajin Ife kusan duk Yarbawa ne. Ajin da na zauna a Agege kuwa akwai Bayarbe, akwai Ibo, akwai Bahaushe, a benci ɗaya. Harshen yanki a Legas Yarbanci ne, kuma tun 2018 dokar jiha ta wajabta koyar da shi a makarantu. Yaron da iyayensa suka zo daga Kano bara, wannan harshen baƙo ne gare shi kamar Turanci. Wanda aka haifi kakansa a Zangon Agege kuwa, yana iya yi wa malamar gyara a Yarbancin.

Takardata gurbi ɗaya ta bari don "harshen gida". Wani ɗan aji uku ya ce da babansa Hausa yake yi, da mamarsa Yarbanci, a filin ƙwallo kuma buroka. Ya tsaya yana jiran in gaya masa wanne zan rubuta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne gwajin karatu. Akan ba yaro ɗan gajeren labari, a danna agogo, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya. Wata yarinya ta maƙale a layi na biyu, tana ta murza bakin hijabinta har lokaci ya cika. Na rubuta makinta, ƙasa ƙwarai. Da na je gidansu, mahaifiyarta ta ce daga bayan labule, "Malam, ai ta yi nisa a karatu," ta sa aka ɗauko Alƙur'ani. Yarinyar ta buɗe inda na nuna mata da kaina, ta bi layi da yatsa daga dama zuwa hagu, ba gargada. A takardata kuwa tana cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Na roƙi malamina in ƙara gurbin karatun Larabci da ajami. Ya ce aikin zai yi faɗi, lokaci kuma ba ya jira. Muka yi ta ja, daga ƙarshe ya yarda da shafi biyu.

Da na koma wurin mai albasa da sabuwar takarda, tambaya ta huɗu ta zama uku. Ya amsa su tsaf, ya zuba mini albasa a leda ya ƙi karɓar kuɗi. Ina shirin tashi ya ce, "In ka gama, wa zai karanta?" Na ce malamai uku ne za su duba. Ya ce, "Uku kacal?" Sannan ya juya ga mai ciniki.