Hammond, mutumin da ya tuƙa jirgin ruwa da rediyo

Duk mai riƙe rimot yana canza tasha, ko yaran nan masu tada ƙaramin jirgi maras matuƙi suna ɗaukar hoto a wajen biki, ya kamata a ce sun san sunan John Hays Hammond Jr., don yana cikin waɗanda suka fara sarrafa na'ura daga nesa da rediyo. Ba'amurke ne, an haife shi a 1888 ya rasu a 1965, kuma ƙirƙire-ƙirƙiren da ya yi wa rajista da sunansa sun haura 400. Idan ka bi jerin sai ka rasa a ina ma za ka ajiye shi, yau yana kan rediyo, gobe yana kan makamin nan mai gudu a ƙarƙashin ruwa, jibi kuma ka tarar da shi a jikin fiyano yana neman yadda sautin zai ƙara daɗi.

Ni dai abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya fara. Da ya gama jami'ar Yale a 1910 sai ya je ya kama aikin akawu a ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka, ɗan attajiri fa, babansa babban injiniyan haƙar ma'adinai ne, amma ya zauna cikin tarin fayil yana duba abin da wasu suka riga suka yi, da inda suka tsaya, da yadda ake rubuta takarda ta yadda wani ba zai zo daga baya ya ce nasa ne ba. Wallahi wannan wayon ya burge ni ƙwarai.

Daga nan ya buɗe ɗakin bincikensa a Gloucester, wani garin masunta a jihar Massachusetts. A 1914 ya tura jirgin ruwa mai suna Natalia zuwa Boston ya dawo, tafiyar kusan mil 120, da saƙon rediyo ake juya shi ba hannun kowa a sitiyari. Sojojin ruwan Amurka suka ɗauki fasahar, a 1921 suka sa ta a tsohon jirgin yaƙinsu Iowa suna gwajin kai hari a kansa, ba mutum ko ɗaya a ciki.

Gaskiya kuɗin gidansu ya taimaka masa sosai, wannan ba a musu. Amma kuɗi bai koya wa kowa zaman karanta takardun wasu ba, shi ne ya sa kansa. Katafaren gidan duwatsun da ya gina a bakin teku tsakanin 1926 da 1929 yana nan har yau a Gloucester, an mayar da shi gidan tarihi mutane suna shiga kallo.