Abin da binciken magungunan karnuka ya koya mini

Babbar wahalar gwada sabon magani a kan kare ita ce majinyacin ba ya magana. Mai kare ne bakinsa, shi kuwa zuciyarsa na ɗokin ganin sauƙi ko da babu shi. A karatun likitancin dabbobi, babu abin da ya gyara mini tunani kamar wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 kan karnuka masu ciwon gaɓoɓi. An ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da magani, amma kusan sau 40 cikin 100 masu su suka ce gurguntar ta ragu. Likitocin ma ba su tsira ba, har sun ɗan zarce. Na'urar da ke auna nauyin da kare ke ɗorawa a ƙafarsa ce ta nuna babu abin da ya canza. Ba ƙarya kowa ya yi ba, ƙauna ce ke rufe ido.

Shi ya sa nake ganin girman wani gwajin maganin ciwon zuciyar karnuka mai suna EPIC da ya fito a 2016. Karnuka 360 ne da zuciyarsu ta kumbura amma alamun ciwo ba su bayyana ba. Wasu sun sha maganin zuciya mai suna pimobendan, wasu ƙwayar wofi, kuma daga likita har mai kare ba wanda ya san wace ce wace. Maganin ya jinkirta gazawar zuciya da kimanin wata 15. Ga dabbar da rayuwarta ba ta cika wuce shekara goma sha wani abu ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Allurar Oncept ta sankarar baki, wadda ta samu cikakken lasisi a 2010, ba ta bi wannan hanyar ba: da bayanan karnukan da aka yi wa jinya a baya aka kwatanta ta, kuma binciken da ya biyo baya bai zo da baki ɗaya ba. Ina yi mata fatan alheri, amma nakan faɗa wa mai kare hakan ƙarara.

Sankarar ƙashi ta fi taɓa ni. Yanke ƙafa kaɗai yakan ba kare wata huɗu zuwa biyar, idan aka haɗa da maganin kashe ƙwayoyin sankara kuwa ya kai wajen shekara. Da gangan ake sassauta ƙarfin maganin fiye da yadda ake yi wa mutum, domin kare bai san dalilin aman da maganin ke sa shi ba, kuma ba a nemi yardarsa ba. Saboda haka idan na buɗe rahoton gwaji, bayan yawan watanni nakan duba ko karen ya ci abinci, ya yi tafiya, da kuma karnuka nawa aka cire saboda illar maganin.