Camry ɗin Alhaji da indomin da muka cire a banza

Ranar Asabar na kwashe sufanuna na bar garejin da na yi shekara 9 a cikinsa. Mun rabu da Oga lafiya lau, har da addu'a. Amma akwai mota ɗaya da har yau take tsaye mini a rai.

Camry ce ta 2004, wadda ake ce wa Big Daddy, sabuwar shigowa daga Kwatano, jiki kamar a lasa. Wani Alhaji ya kawo ta saboda wutar cek, wato fitilar gargaɗin inji da ke gaban direba, ta ƙi mutuwa. Muka jona kwamfuta ta ba da P0420, wanda kowane bakanike ke fassarawa da cewa indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, ta gaji. Oga ko sunkuyawa bai yi ba ya ce, "Ranka ya daɗe, cire ta za a yi a jona fayif, motar ma sai ta fi gudu."

Ni na shiga rami. An fesa wa ƙarƙashin baƙin fenti mai kauri, irin na dillalai. Na ɗan soka sukundireba, sai ƙarfe ya fara zubo mini a fuska kamar ƙanzo. Motar Kanada ce, can kuwa gishiri suke watsawa a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan yana maƙalewa a lungunan ƙasa yana cin ƙarfe shekara da shekaru. Motar da ta tsufa a Kano ba ta yin haka, mu ƙura ce damuwarmu.

Abu biyu na gani. Tsatsa ta huda salansa, 'yar ƙofa kamar ta allura, dab da sensa ta biyu mai auna hayaƙi bayan indomi, baƙin hayaƙi ya zagaye wurin. Iskar da ke shiga ta nan ce take ruɗa sensar, indomi kuwa lafiyarta ƙalau. Na biyun ya fi muni: fayif ɗin birkin baya, wajen tankin mai, ya kumbura da tsatsa.

Na fito na raɗa wa Oga. Ya ce, "Kai, abin da ya kawo shi za ka yi." Na san dalili. Cikin indomi akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, masu saye kuma kullum suna zagaya gareji. Na koma na yanke ta. Alhaji yana zaune a benci yana jan carbi, taku biyar tsakanina da shi, ban ce uffan ba. Wutar ma ba ta mutu ba, sai rufe ta aka yi ta ciki.

Bayan mako uku, a hanyar Zariya wajen Kwanar Ɗangora, fayif ɗin ya fashe, birki ya nutse. Allah ya tsare ba a rasa rai ba, amma matarsa ta karye a hannu. Da ya zo gareji, Oga ya nuna ni da yatsa a gaban yara: "Ai wannan yaron ne ya shiga ƙarƙashin." Ina da shekara 31 da 'ya'ya biyu, wai yaro. Kuma na kasa musawa, don ni ɗin ne na shiga, ni na gani.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Kwamfuta ba ta ganin ƙofar tsatsa, sai ka toshe bakin salansa da tsumma ka saurari inda take tsiyaya. Ƙusar da gishiri ya ci, jiƙa ta da mai tun dare, in ba haka ba ta karye maka a ciki. Duk ƙarƙashin da ya fi jikin mota sheƙi, ɗauko guduma ka ƙwanƙwasa.

A sabon wurina ko rumfa ban kafa ba, rami na fara haƙawa, da matakala mai faɗi yadda mai babbar riga zai iya sauka. Duk mai motar Kwatano sai ya biyo ni ciki na haska masa tocila. Wani jiya ya ce shi ba ya shiga rami, na miƙa masa makullinsa.