Daga Houston: ƙaramar bindiga da wando mai zariya

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, ya iyali ya kuma haƙuri da tsadar rayuwa.

Tunda na sa hoton nan na wurin koyon harbi ake ta damuna da tambaya, wai da gaske ne a nan mutum zai soke fistol a ƙugu ya shiga kasuwa abinsa? Gaskiya ne. A Texas, jihar Amurka da Houston take ciki, tun 1 ga Satumba 2021 duk wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya haramta masa, zai iya ɗauka ko ba lasisi. Ni dai sai da na zauna aji na karɓi lasisin, don ban yarda in riƙe abin da ke kashe mutum da ka ba. Kar wani ya ɗauka haka abin yake a Najeriya fa, can dokar 1959 ta sa fistol cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa.

Guda huɗu na yi haya na gwada. Na fara da Ruger LCP don ita ta fi burge ni a ido, 'yar mitsitsiya ce ba ta kai giram 300 ba, harsashi 6 take ci, a aljihu ma sai ta ɓace. To ashe ƙanƙantar ita ce matsalar, kana taɓa kunama sai ta zabura a hannunka kamar an taka wutsiyar mage, ƙaramin yatsana ma ba inda zai zauna yana ta lilo a iska, na harba goma na je duba takardar wlh kunya ta kama ni. Malamin wurin, wani dattijo tsohon soja, ya ce haka sababbi suke, kowa ƙarama yake so alhali ita ta fi wuyar saiti.

Glock 19 kuwa daɗin harbi kamar me, harsashi 15, tana cika hannu, tun 1988 ake yinta. Amma a zafin Houston da 'yar riga shara-shara kowa zai ga tudunta. SIG P365 da ta fito 2018 ita ta rikita kasuwa, harsashi 10 a jikin da bai fi rabin kilo ba, sai dai mariƙinta ya yi wa tafin hannuna kaɗan. A kan Glock 43X na tsaya, ita ma 10 ce, siririya, yatsuna duka sun samu wuri.

Abin da ba mai gaya maka a shago shi ne kayanmu. Kaftani yana rufe komai, ko Glock 19 ɗin ce, amma wando mai zariya ba ya riƙe kube, ranar da na gwada a ɗaki da bindigar ba harsashi ina sunkuyawa kamar zan yi ruku'u sai ga wando da kube suna neman gwiwa, uwargida ta yi dariya har da hawaye. Dole sai bel mai tauri da kuben da ya rufe kunama ruf. A gida kuma bindigar tana cikin akwatin ƙarfe mai lamba saboda yara, wannan sharaɗin uwargida ne kuma na yarda.

Don Allah wanda zai taho ƙarshen shekara ya taho min da wanduna biyu na shadda, a gaya wa tela ya bar zariya ya yi musu wurin zira bel.

Naku a Houston.