Saiwar shinkafa a fadamar Argungu

Jiya na raka masu binciken noma fadamar Argungu, biyu daga cibiyar binciken hatsi ta Badeggi, ɗaya daga cibiyar binciken noma ta Samaru, kowa da jaka cike da takardu kan irin shinkafar da ake kira FARO 44. Hira ba ta yi armashi ba sai da wani dattijo ya tumɓuke dashe guda, ya nuna mana saiwar da ta yi ja.

"Samari, ruwa ne ya kwanta, ba rashin taki ba."

Nan take aka ɗauki hoto aka tura zauren masu binciken na WhatsApp. Kafin la'asar wani daga Aliero ya amsa: sinadarin ƙarfe ne ya yi wa ƙasar yawa saboda kwanciyar ruwan.

Ni kuwa rahotona na bara yana nan cikin durowa, ko abokin aikina bai gani ba.